Fashin Baƙi: Mene Ne Haɗin Raunin Ji Na Tsufa Da Ciwon Ido?

Shin gaskiya ne idan idon dattijo ya fara rauni, kunnensa ma yana kan hanya? Tambayar tana yawan tasowa a gidajen Hausawan Legas, daga Agege har Idi-Araba, musamman idan aka dawo da tsoho daga asibitin ido da sabon tabarau, amma har yanzu sai an maimaita masa magana kafin ya amsa. Wasu na cewa jijiya ɗaya ce ta haɗa ido da kunne, in ta taɓu a nan sai ta taɓu a can. Wasu kuma su ce tsufa ne, ba abin yi sai haƙuri. Akwai ma masu cewa tun da aka cire wa mahaifinsu yanar ido ya koma jin magana fiye da da, kuma sun rasa yadda aikin ido zai gyara kunne.

Babu wata jijiya guda da ta ɗaure gani da ji. Jijiyar gani daban take, ta ji daban, kowace da inda ta nufa a ƙwaƙwalwa. Ciwon ido ba ya kurmantar da mutum, kurumta ma ba ta makantarwa. Amma alaƙar tana nan, kuma ta fi ƙarfin a ce tsufa ne kawai. Ta hanya biyu take zuwa: abubuwan da ke lalata ido su ne sau da yawa ke lalata kunne, sannan ido da kunne suna rufa wa juna asiri shekara da shekaru, sai ɗaya ya kasa ake gane ɗayan ma ya daɗe da rauni.

Me ake nufi da raunin ji na tsufa?

Sauti yana shiga kunne ya girgiza dodon kunne, wasu ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa girgizar zuwa wata gaɓa a can ciki mai siffar katantanwa. A cikin wannan katantanwa akwai ƙwayoyin halitta masu ɗan gashi-gashi, wajen 15,000 a kowane kunne, su ne ke mai da girgiza ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke karantawa. Da su aka haife mu, kuma wadda ta mutu ba a sake samun madadinta. Shekaru, ƙara mai yawa da ƙarancin jini suna cinye su a hankali.

Waɗanda ke fara mutuwa su ne masu ɗaukar siririn sauti. Shi ya sa tsoho zai ji rugugin tirela daga nesa, ya ji kiran salla sarai, amma maganar jikarsa ta gagare shi. Muryar mata da yara ce ke fara ɓace masa, sai baƙaƙe irin su s, sh, ts da f. Abin da dattawa ke faɗa da bakinsu shi ne, “Ina jin muryarka, kalmomin ne ba sa fita.” Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ɗakin likita, inda “sa magani” da “sha magani” ke iya zame wa mutum abu ɗaya.

Yana kama kunne biyu tare, ba zafi, ba mugunya, wani lokaci da ƙugi a kunne da ba ya yankewa. Ya bambanta da toshewar dauɗar kunne, wadda ake cirewa a asibiti mutum ya tashi yana ji. Ya kuma bambanta da kurumtar da sanƙarau, ƙyanda ko zazzaɓin Lassa ke bari, wadda ba ruwanta da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na mutanen da suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai hana su harkokinsu, kuma mutum miliyan 430 a duniya ne ke buƙatar taimako a kan jinsu.

Waɗanne cututtukan ido ake magana a kai?

Ba ciwon ido na ja da ƙaiƙayi ake nufi ba, irin wanda ke zuwa ya wuce. Na farko yanar ido ce, wato gilashin cikin ido ya yi hazo, mutum ya riƙa gani kamar a cikin hunturu mai ƙura. Na biyu gilakoma, wadda mutane ke kira hawan jinin ido, mai cin jijiyar gani daga gefe-gefe ba tare da ciwo ba. Na uku ɓarnar da ciwon suga ke yi wa ƙananan hanyoyin jini a ratina, wato shimfiɗar da ke bayan ido mai ɗaukar hoto. Na huɗu lalacewar makula, tsakiyar wannan shimfiɗa, wadda da ita ake karatu ake kuma gane fuska.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato sama da mutum miliyan 1.1 a lokacin. Yanar ido ce ta jawo kashi 43 na makantar, gilakoma kusan kashi 17, kuma kashi 84 na dukkan makantar abin da za a iya karewa ne ko a warkar. Arewa maso gabas ce ta fi yawa da kashi 6.1, kudu maso yamma ta fi ƙaranci da kashi 2.8. Dattijon da ya taso a Borno ko Yobe ya tsufa a Legas bai bar wannan tarihi a gida ba. Sashen binciken da ya duba gilakoma, wanda Dakta Fatima Kyari ta jagoranci fitar da sakamakonsa, ya gano kusan mutum 5 cikin 100 na masu waɗannan shekaru suna da ita, amma waɗanda suka san suna ɗauke da ita ba su kai 6 cikin 100 na masu ita ba.

Abin da masu bincike suka gano

Manyan bincike biyu ne aka fi kafa hujja da su. A garin Beaver Dam da ke jihar Wiskonsin ta Amurka, an auna ido da kunnen dubban dattawa, kuma sakamakon da aka fitar a 1998 ya nuna masu lalacewar makula da ta yi nisa sun ninka sauran kusan sau uku wajen yiwuwar samun raunin ji, ko da an daidaita shekaru da jinsi. A yankin Blue Mountains kusa da birnin Sidni a Ostareliya, wani bincike da aka fitar a 2006 ya nuna duk layi ɗaya da mutum ya kasa karantawa a allon gwajin ido, yiwuwar a same shi da raunin ji tana ƙaruwa, kuma masu yanar ido da masu ciwon makula sun fi sauran samunsa.

Abin lura shi ne kalmar “ko da an daidaita shekaru”. Ma'anarta, in ka ɗauki dattawa biyu 'yan shekara 70, wanda idonsa ya fi rauni ya fi kusa da samun raunin kunne. Ke nan akwai wani abu bayan ƙidayar shekaru.

Sai dai a yi hattara da abu biyu. Irin wannan bincike yana nuna cewa abu biyu suna tafiya tare, ba ya nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan. Sannan a kan Turawa aka yi su, su kuwa ciwon makula ya fi kama su fiye da baƙar fata. Mu a nan yanar ido da gilakoma ne manyan masu cin ido, gilakomar ma ta fi saurin kama baƙar fata kuma ta fi tsanani a kansu. Don haka wanda ya karanta labarin makula da kurumta a intanet kada ya ɗauka shi ne babban abin tsoro ga iyayensa. Ciwon suga da hawan jini sun fi kusa da ƙofar gidansa.

Tushen da suka yi tarayya a kai

Ratina da katantanwar kunne suna cikin gaɓoɓin jiki masu tsananin buƙatar jini da iskar oksijin, kuma hanyoyin jinin da ke ciyar da su sirara ne ƙwarai. Kamar shago biyu ne a kan layin wuta ɗaya: in wutar ta yi ƙasa, fankar wannan da firjin wancan duk su raunana, ba don fankar ce ta ɓata firjin ba.

Ciwon suga shi ne misali mafi bayyana. Kowa ya san yana cin ido, amma kaɗan ne suka san yana taɓa kunne. Wani babban bincike a Amurka da aka fitar a 2008 ya nuna raunin ji ya kusa ninka sau biyu a tsakanin masu ciwon suga idan aka kwatanta da marasa shi. Hawan jini yana taurara waɗannan hanyoyin jini yana ƙuntata su. Taba sigari tana cikin sanannun abubuwan da ke kawo ciwon makula da yanar ido, kuma masu shanta sun fi samun raunin ji. Ciwon sikila ma yana toshe ƙananan hanyoyin jini a ido da kunne, tun ma mutum bai tsufa ba.

Sai magunguna, kuma a nan nake son a tsaya, domin laifin ba na tsufa ba ne. Allurar jentamaisin da danginta irin su sitireftomaisin suna iya kashe ƙwayoyin ji har abada idan aka yi su ba bisa ƙa'ida ba, balle ga mai raunin ƙoda. Kwinin yana sa ƙugin kunne. Kulorokwin idan aka daɗe ana shan sa yana taɓa ratina. Ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, etambutol, yana iya taɓa jijiyar gani, shi ya sa ake gaya wa mai shan sa ya koma asibiti da zarar ya ga launuka sun fara canza masa. Maganin ɗigawa a ido mai sinadarin sitiroyid, wanda ake saya a kemis saboda yana kwantar da ja da ƙaiƙayi nan take, yana jawo gilakoma da yanar ido idan aka mai da shi na kullum. Dattijon da ya shafe shekara 30 yana karɓar allura a kemis duk lokacin da zazzaɓi ya kama shi, yana ɗiga maganin da maƙwabci ya ce ya yi masa aiki, zai iya isa 65 da ido da kunne duk a raunane, a kuma ɗora wa shekaru.

Akwai cututtukan gado da ke haɗa kurumta da dundumi tun ƙuruciya, fitacce a cikinsu shi ne wanda ake kira Usher, amma ba su da yawa kuma ba su ne zancen tsufa ba.

Yadda ido ke rufa wa kunne asiri

Nan ne ainihin zancen yake. Ba da kunne kaɗai muke jin magana ba. Duk mai sauraro yana karanta leɓe, da motsin fuska, da hannu, ko bai sani ba. Baƙaƙen da kunnen tsoho ke fara rasawa da yawansu ana ganin alamarsu a baki, sai ido ya cike giɓin, ƙwaƙwalwa ta haɗa, mutum ya amsa daidai. Zai iya yin shekara goma a haka ba wanda ya lura, har shi kansa.

Ka lura da dattijo a majalisar bayan la'asar, a bakin shago ko gindin masallaci. Yakan zaɓi wurin da zai fuskanci kowa. Idan mutum ya fara magana, ba idonsa yake kallo ba, bakinsa yake kallo. In aka yi magana daga bayansa sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya ya ce, “Na'am?” Da rana hirar tana tafiya da shi. Amma bayan magariba, in aka ɗauke wuta, maƙwabci ya tayar da janareto, sai ka ga ya yi shiru, yana murmushi idan ya ga ana dariya, daga baya ya ɗauki butarsa ya ce zai shiga ciki. 'Ya'yansa za su ce Baba ya rage son hira. Hirar ce ta fi ƙarfinsa tun da duhu ya rufe bakin masu magana.

Shekarar 2020 ta tona wannan asiri a fili. Da gwamnatin Legas ta wajabta sa takunkumi saboda korona, mutane da yawa suka tarar ba sa fahimtar mai sayar musu da kaya ko ma'aikacin banki. Takunkumin yana rage sauti, amma babban abin da ya yi shi ne ɓoye leɓe. Yanar ido tana yin abin da takunkumi ya yi, sai dai a hankali kuma ba ta cirewa da yamma. Idan fuskar mutane ta zama hazo, kunne ya rage shi kaɗai da aikin da ya daɗe ba ya iyawa. Iyali sai su ga kamar kurumtar ta faɗo ne bayan ciwon ido, alhali ta riga shi zuwa.

Wannan ne kuma bayanin waɗanda ke cewa aikin ido ya dawo wa mahaifinsu da ji. Ba ƙarya suke yi ba. Kunnen yana nan yadda yake, in aka auna shi da na'ura ba abin da ya canza, amma ya sake ganin bakin mai magana, fahimta ta dawo.

Ɗaya ɓangaren ma haka yake. Mai raunin gani da kunne yake tsallaka titi, da shi yake gane wanda ya yi sallama, da shi yake sanin okada ta taho ta bayansa. An saba cewa makaho ya fi kowa ji, kuma akwai gaskiya a ciki ga wanda ya makance da ƙuruciya, domin ƙwaƙwalwarsa ta horu da dogaro da sauti. Wanda ya rasa gani yana ɗan shekara 70 da kunnen da ya riga ya lalace ba shi da wannan madogara. Shi ya sa rauni matsakaici a ido haɗe da rauni matsakaici a kunne kan fi naƙasa mutum a kan rauni babba a ɗaya kawai.

Abin da Legas ta ƙara a kai

Ƙa'idar da ake bi a wuraren aiki ita ce kada mutum ya wuce awa 8 a cikin ƙara mai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Hukumar kare muhalli ta jihar Legas, LASEPA, ta sa iyakar desibel 55 da rana da 45 da dare a unguwannin zama, har takan rufe wuraren ibada da gidajen rawa saboda ƙara. Amma duba sana'o'in da mutanenmu suka fi yi a garin nan. Mai injin niƙa a kasuwar Mile 12 yana tsaye a kan injinsa daga safe har dare. Direban tanka yana kwana a layin Apapa cikin ƙugin inji da hon. Maigadi ɗakinsa na jikin janareto, a nan yake salla a nan yake barci. Ɗan okada da mai tura kura suna yini a tsakiyar danfo. Ɓarnar ƙara tana taruwa ne a kan ta shekaru, sai mutum ya isa 55 da kunnen ɗan 70. Yawancin waɗannan sana'o'i kuma a rana ake yin su, hasken rana mai yawa kuwa yana cikin abubuwan da ke gaggauta yanar ido.

Akwai kuma batun harshe, wanda ba a cika kula da shi ba. Mutum yana iya cike giɓin maganar da bai ji duka ba idan da harshen uwarsa ake yi, domin ya san abin da ya kamata ya biyo baya. A harshe na biyu wannan yana wuya, balle cikin hayaniya. Dattijon da ke jin Hausa a gida zai iya kasa kama komai idan nas ta yi masa bayani da Turancin buroka ko Yarbanci a cikin cunkoson asibiti. Zai gyaɗa kai don kunya, ya koma gida yana ɗiga maganin gilakoma sau ɗaya maimakon biyu, ko ya daina da kwalbar ta ƙare don bai ji an ce na har abada ba ne. Ta nan raunin kunne ke cin ido, ta hanyar umarnin da ba a ji ba.

Me wannan ke jawo wa mutum?

Na farko kaɗaici. Wanda ba ya gane fuska kuma ba ya kama magana yakan janye daga ɗaurin aure, daga taron unguwa, har daga zaman karatu a masallaci. Rediyo, abokin hirar dattawanmu, sai an ƙure shi, waya kuma ba ta da leɓen da za a karanta, ga shi da ita ake gaisawa da 'yan'uwa a gida Arewa. Idan ya amsa tambaya ba daidai ba, ko ya wuce surukinsa bai gaishe shi ba, sai a fara raɗa cewa Baba ya fara ruɗewa. Wannan hukunci yana min ciwo, domin da yawa hankalinsu garau yake, hanyoyin da saƙo ke shigowa ne suka toshe.

Na biyu faɗuwa da haɗari. Tsayuwar mutum daidai ta dogara ne da ido, da sashen daidaito da ke cikin kunne, da jin taɓawa a tafin ƙafa, kuma ciwon suga yana iya taɓa duka ukun. Wani bincike na jami'ar Johns Hopkins a 2012 ya nuna ko raunin ji mara tsanani yana tafiya da ninkin haɗarin faɗuwa kusan sau uku. A garin da kwatoci ke buɗe, gadar tsallaka titi ke da matakala masu yawa, layin dogo kuma ya ratsa tsakiyar Agege, wannan ba lissafin takarda ba ne.

Na uku cutar mantuwa, kuma a nan masana ba su gama daidaitawa ba. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya sa raunin ji cikin manyan abubuwan da za a iya gyarawa don rage wannan cuta a rahotonsa na 2020, a na 2024 kuma ya ƙara raunin gani da ba a yi wa magani ba, jimilla abubuwa 14. Masu wannan ra'ayi suna cewa ƙwaƙwalwar da ke wahalar haɗa guntayen sauti da hoto tana gajiya, kaɗaici kuma yana ƙara dusashe ta. Masu taka-tsantsan suna nuni da gwajin ACHIEVE da aka fitar a 2023, wanda ya bi dattawa 977 a Amurka tsawon shekara uku. A jimlace ba a ga bambanci ba tsakanin waɗanda aka ba na'urar ji da waɗanda ba a ba ba, amma a rukunin da suka fi haɗarin kamuwa, raguwar tunani ta yi sauƙi da kashi 48 cikin 100. Ni a ganina ba sai an jira wannan muhawara ta ƙare ba. Ko da na'urar ji da aikin yana ba su hana mantuwa ba, sun dawo wa mutum da hira da jikokinsa, wannan kuwa ya isa dalili.

Me ya sa ba a duba su tare?

Domin tsarin asibiti ya raba su. A Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa, akwai kuma Cibiyar Kunne ta Ƙasa, kowace da harabarta. A manyan asibitocin koyarwa na Legas, LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja, sashen ido daban, na kunne da hanci da maƙogwaro daban, kowane da ranarsa da layinsa. Haka horon likitoci yake a duk duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ga wannan giɓi, shi ya sa a tsarinta na kula da tsofaffi mai suna ICOPE ta ce a riƙa gwada gani da ji a zama ɗaya tun daga ƙaramin asibiti.

Ido kuma ya fi kunne gata. Legas ta san shirin Jigi Bola na raba tabarau kyauta tun zamanin gwamna Bola Tinubu, ƙungiyoyi da masu hali suna ɗaukar nauyin aikin yana lokaci zuwa lokaci. Na'urar ji kuwa daga waje ake shigo da ita, farashinta yana bin dala, tana buƙatar a auna kunne a saita ta, ga batir. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce mutum miliyan 40 ne ke da raunin ji a yankin Afirka, za su iya kai miliyan 54 nan da 2030, kuma ƙalilan ne cikin masu buƙatar na'urar ke samunta.

Mu ma da namu. Tabarau ado ne, yana ƙara wa dattijo kwarjini. Na'ura a kunne kuwa ana ɓoye ta da hula ko ɗankwali, domin mun saba tausaya wa makaho mu yi wa kurma dariya. Sannan har yanzu akwai masu kai iyayensu wurin masu cire yana na gargajiya, waɗanda ke tura gilashin idon ciki da tsinke. Binciken ƙasa da aka ambata ya gano kusan kashi 73 cikin 100 na idanun da aka yi wa haka sun makance. Ga wanda kunnensa ya riga ya yi rauni, wannan asara biyu ce a lokaci ɗaya.

Abin da iyali za su iya yi

Duk ranar da aka kai dattijo duba ido, a nemi a duba kunnensa, haka ma in kunnen aka je dubawa. A gaya wa likitan ido cewa ba ya ji sosai, domin ana aikin yana ne mutum yana farke, fuskarsa a rufe, ana ba shi umarni da baki. A gaya wa mai saita na'urar ji cewa ba ya gani sosai, don ya zaɓa masa wadda ake cajawa ko mai manyan maɓallai maimakon mai ɗan ƙaramin batir. Wani daga gida ya raka shi ya saurari bayanin magani, ya maimaita masa da Hausa.

Akwai gwaji mai sauƙi da za a fara da shi a gida. Ka tsaya a bayan Baba ko Inna tazarar hannu guda, a ɗaki mara hayaniya, su toshe kunne ɗaya da yatsa. Ka fitar da numfashi, sannan ka raɗa kalmomi huɗu da suka sani, kamar gida, kifi, sabulu, tsintsiya, su maimaita. A sake da ɗaya kunnen da wasu kalmomin. In sun kasa, ba hukunci ba ne, alama ce a je a auna. Sau da yawa ma dauɗa ce ta toshe, kuma ba da ashana, gashin kaza ko makullin mota ake cire ta ba, ba a kuma ɗiga man ja ko ruwan ganye.

Mai ciwon suga ya kamata a duba bayan idonsa sau ɗaya a shekara ko da yana gani garau. Wanda ya haura 40 ya auna gilakoma, balle in akwai mai ita a dangi, domin abin da ta ci ba ya dawowa, sai dai a tsayar da ita. Daga shekara 50 a fara auna ji lokaci-lokaci, wanda ke aiki cikin ƙara kuma ya nemi abin toshe kunne tun yanzu.

A gida, ihu ba ya taimakawa, yana ƙara cuɗe kalmomi ne ya kuma ɓata wa mutum rai. A fara kiran sunansa ko a taɓa hannunsa, a fuskance shi, haske ya kasance a fuskar mai magana ba a bayansa ba, a rage rediyo, a yi magana a hankali. In bai kama ba a canza kalmomin maimakon a maimaita su da ƙarfi.

Duk bayanin da ya gabata a kan raunin da ke zuwa sannu a hankali ne. Idan kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ko gani ya ɗauke kwatsam, ko ido ya yi ja da ciwo mai tsanani haɗe da ciwon kai da amai, wannan ba tsufa ba ne, asibiti ake nufa a ranar. Kurumtar farat ɗaya ta fi jin magani idan aka fara shi cikin kwanakin farko. In kuma abin ya zo da jiri, karkacewar baki, nauyin harshe ko mutuwar hannu, alamar shanyewar ɓarin jiki ce, ba a jira gari ya waye.